Jan Layin da Ya Ratsa Gidan Alhaji Ɗantani

Takardar ta iso makarantar ne makonni uku bayan soja sun miƙa mulki, lokacin da hotunan 'yan takara ba su gama ɓanɓarewa daga katangun unguwar Mandawari ba. Hedimasta, Malam Abdulbaqi, ya tara malamai a ofishinsa ya karanta musu ita da ƙarfi, sannan ya yi bayani: daga yanzu ana so kowane darasi ya taɓo abin da yaro yake gani a unguwarsu. Sufeto zai zo ranar taron iyaye ya duba abin da aka yi.

"Da umarni ne, yanzu kuma shawara," in ji wani malami daga baya. "Amma dai sufeton nan shi ne na bara."

Aka yi dariya. Malama Sa'ida ba ta yi ba. Watanta takwas a makarantar tun da ta gama jami'a, kuma ba ta taɓa buɗe baki a taron malamai ba, sai dai ta zauna kusa da ƙofa tana murɗa bakin mayafinta. Amma ranar nan zuciyarta ta kasa zama wuri ɗaya. Ita ke koyar da aji shida nazarin zamantakewa, kuma darasin da ke gabanta taswira ne. A littafin an zana wani gari mai tafki da kwale-kwale da tashar jirgi a tsakiya, garin da babu yaro ko ɗaya a ajin da ya san irinsa. Bara da aka koyar da shi, yaran haddace shi suka yi kamar karatun allo, suka manta shi kafin hutu.

Washegari ta rufe littafin ta ce, "Kowa ya yago takarda. Ku zana mini hanya daga gidanku zuwa makaranta."

Maza suka zana abin da ta zata: lungu, masallaci, mai shayi, babbar kwata da katakon da ake takawa a tsallaka. Da ta zo kan takardun mata, sai ta tsaya. Layinsu ba ya bin lungu. Yana shiga gida ya fita ta bayansa, ya shiga wani, ya sake fita. Takardar da ta fi kowacce tsafta ta Bahijja ce, 'yar Alhaji Ɗantani, shugaban ƙungiyar iyaye da malamai.

"Bahijja, mene ne wannan? Ta cikin katanga kike zuwa makaranta?"

"Ta giɓi, Malama. Na bayan madafinmu." Yarinyar ta ɗora yatsa a kan takardar. "Daga gidan Iya 'Yardada a shiga gidan Malam Ilu, a faɗo gidanmu, a ɓulla gidan Hajiya Mabruka. Daga nan sai bakin makaranta."

"Ƙarya ne, Malama," wani yaro mai suna Nazeer ya ce. "Ba hanya a wurin."

"Kai ne ba ka da hanya a wurin," Bahijja ta mayar masa, matan ajin suka kwashe da shewa.

Sa'ida ta san giɓin. Ta bi shi ba adadi tana ƙarama, ɗauke da kwanon aike, kafin makarantar kwana da jami'a su ɗauke ta shekara goma sha biyu su dawo da ita tana bin titi kamar baƙuwa. Unguwa ɗaya, taswira biyu! Babu littafin da ya taɓa faɗin wannan. Kwana huɗu ta yi tana haɗa takardun yaran a kan babban kwali, tana gogewa tana sakewa, abinci ma a tsaye take ci. Lunguna ta ja su da baƙar tawada, hanyar mata kuwa da ja. Ta rubuta sunan kowane mai gida a kan gidansa, don kuwa haka aka koya mata: taswirar da ba suna ba ta cika ba.

Malam Abdulbaqi ya daɗe yana kallonta, sannan ya sa aka liƙa ta a barandar ofis, inda duk mai shigowa zai gani.

Ranar Talata Alhaji Ɗantani ya zo duba shirin taro. Tun da siyasa ta dawo ba ya tafiya shi kaɗai. Shi ne shugaban jam'iyya na unguwa, soronsa kullum cike da matasa da baƙi, kuma biyar daga cikinsu suna bayansa. Sa'ida tana bakin ajinta ta hango su sun tsaya gaban kwalin. Ado, wanda ya riƙa masa lasifika lokacin yawon neman ƙuri'a, shi ya fara bin jan layin da yatsa.

"Ranka ya daɗe, ga sunanka nan. A'a! Ashe gidanka babban titi ne? Ai da ka sa ɗan sanda yana ba da hannu."

Sauran suka yi dariya, suka kuma haɗiye ta da sauri. Alhaji bai motsa ba. Ya cire tabarau, ya goge da gefen babbar riga, ya mayar.

"Wa ya yi wannan?"

Hedimasta ya yafito Sa'ida da fara'a. Ta zo ta durƙusa ta gaishe shi, idonta a kan takalmansa.

"Malama, Allah ya saka da alheri," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Kin nuna mini abin da ban sani ba a gidana. Ado, ka gaya wa Sule magini ya kawo bulo. Ranar Alhamis in mun tashi daga taro a toshe wurin."

Sun fita kafin ta miƙe. Ta koma aji ta ɗauki alli, ta tsaya gaban allo, ta rasa abin da za ta rubuta. Abu ɗaya kawai take gani: Iya 'Yardada da kwanon kununta.

Iya 'Yardada ƙanwar kakanta ce. Kowace safiya, yau shekara uku, takan dama kunun gyaɗa ta bi ta giɓin nan zuwa wurin ƙawarta Hajiya Mabruka, jikar Larabawan da suka zo fatauci suka zauna a birni. Tun da ɓarin jikin Hajiya ya shanye ba ta karɓar komai da safe sai daga hannun 'Yardada, kuma ita ce ke juya ta, ta shafa mata mai a baya. Ta giɓi tafiyar ba ta kai a karanta Fatiha uku ba. Ta lungu kuwa sai an zagaya ta bayan masallaci, a kauce wa 'yan acaɓa, a hau katakon kwata. Gwiwar Iya ba ta hawa katako. Ga shi damina ta kama, kwatar tana cika har ta shafe shi.

Da aka tashi, Sa'ida ta shiga ofis ba tare da an kira ta ba, karo na farko.

"Malam, ina so a cire taswirar."

"A cire me?" Malam Abdulbaqi ya ajiye biro. "Na riga na rubuta wa sufeto a kanta. Kin san abin da sauran suka kawo mini? Ganyen darbejiya a kwalba. Wannan kaɗai muke da shi. Kuma ko kin cire, Alhaji ya riga ya gani."

Gaskiya ya faɗa, kuma ita ta fi damunta. Ta fita ba ta nufi gida ba. Ta bi lungu har bakin titi, ta juyo, ta tsaya gaban mai gyaran takalmi ba ta da takalmin gyara, ta sake wucewa. A ƙofar gidan Alhaji ta ga har an sauke bulo, an jera su tsaf a jikin dakali, da buhun siminti a kai an lulluɓe shi da leda saboda ruwa. Ta ƙara sauri kamar bulon zai kira sunanta.

Bayan la'asar ta tarar da Iya 'Yardada a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Labari ya riga ta zuwa, ta giɓin.

"Sannu da aiki, 'yar boko. An ce kin kai mu allo."

"Iya, wallahi ban yi tunani ba."

"Ai na sani. Da kin yi tunani da ba a ba ki digiri ba. Zauna, kina tsaye a kaina kamar mai kawo sammaci."

Sa'ida ta zauna a bakin tabarma, ta ja gyaɗa tana ɓarewa, tana zuba ɓawo a cikin tsabar ba ta lura ba. "Cewa ya yi bai san da giɓin ba."

Tsohuwar ta yi dariya har ta yi tari. "Ɗantani? Ni na yanke masa cibiya. Ta giɓin nan aka zo aka kira ni ranar da uwarsa ta durƙusa. Ta nan ya riƙa gudu in ubansa ya ɗauko bulala, da ɗan wandonsa a hannu. Duk mazan layin nan sun san da shi, yarinya. Ba su gani ba ne kawai."

"To mene ne bambancin?"

"Kai, Allah ya kyauta. Abin da namiji ya sani a ransa nasa ne, ya ga dama ya kau da kai. Amma kin zana, kin sa sunansa, kin rataye, har wancan mai lasifikar ya yi masa dariya a gaban yaransa. Yanzu in bai toshe ba, cewa za a yi gidansa ma ya gagare shi, ina shi ina riƙe unguwa." Ta tsince ɓawon da Sa'ida ta zuba ta watsar. "Ba so yake yi ba. Ke kika rufe shi a ɗaki."

"In je in ba shi haƙuri?"

"Ki je soronsa, a gaban mutum ashirin, ki ce Alhaji ka bar giɓinka a buɗe? Ai sai ya sa bulo biyu-biyu."

"To me zan yi, Iya?"

"Ni na sani? Ke ce malama." Hannunta ya tsaya a kan faifan. Da ta sake magana babu wasa a muryarta. "Jiya Mabruka ta riƙe mini yatsa. Rabon da hannun nan ya riƙe wani abu shekara uku ke nan. Ba na son ta wayi gari tana kallon ƙofa."

Ranar Laraba Bahijja ta zo makaranta idonta a kumbure, ta zauna a bencin baya, ba ta ɗaga hannu ko sau ɗaya ba. Sa'ida ta koyar da darasin da ba ta tuna ba daga baya. Duk sanda ta wuce ta baranda sai ta kalli kwalin. Yana da kyau, shi ne abin haushin. Shi ne abu mafi kyau da ta taɓa yi da hannunta, kuma babu layi ɗaya na ƙarya a cikinsa. Ta rubuta wa Alhaji wasiƙa a bayan littafin shirin darasi, ta yage. Ta yi tunanin aika mahaifinta, ta tuna ba sa jam'iyya ɗaya. Sai da aka kaɗa ƙararrawar tashi maganar Iya ta dawo mata: ke kika rufe shi a ɗaki. A gaban mutane ta rufe shi. In za ta buɗe, sai a gaban mutanen.

Ranar Alhamis aka jera benci a inuwar baranda. Iyaye maza suka cika wurin, Alhaji Ɗantani a kujerar gaba, Ado da sauran suna tsaye a bayansa. An zaunar da 'yan aji shida a gefe. Sufeto, wani dogo mai furfura a gemu, ya wuce kwalaben darbejiya bai tsaya ba, ya zo gaban taswirar ya harɗe hannu a baya.

"Wannan shi ake nema," ya ce. "Wannan sai na tafi da ita ofis a nuna wa sauran makarantu. Ina malamar? Zo ki yi wa iyaye bayanin jan layin nan."

Sa'ida ta fito. Ta kalli ƙasa, ta kalli kwalin, sannan ta buɗe baki.

"Ranka ya daɗe, akwai gyara."

"Ɗaga murya, Malama, ba a ji," wani ya ce daga baya.

"Na ce akwai gyara." Wannan karon har ita ta ji kanta. "Baƙin layi na bi shi da ƙafata, lungu-lungu, na tabbatar. Jan layin kuwa ban bi ba. Daga takardun aji na kwafa na liƙa, da sunayen mutane a kai. Abin da malami bai tabbatar ba bai kamata ya rataye shi a bango ba. Ba laifin yara ba ne. Kuskurena ne, kuma ina neman afuwar masu gidajen."

Ta ciro reza daga cikin littafinta. Ta yanke tsakiyar kwalin, inda jan layin ya ratsa gidaje huɗun, ta naɗe guntun ta sa a ƙarƙashin mayafi. Abin da ya rage a bango taswira ce mai rami a ciki.

Malam Abdulbaqi ya dafe goshi. Sufeto ya buɗe littafinsa ya yi rubutu mai tsawo.

"Malama," ya ce, "a jami'a ba a koya muku bincike kafin wallafawa ba?"

"An koya mana, ranka ya daɗe."

"To a kiyaye."

Ado ne ya kasa haƙuri. "To wai tsaya, ni ban gane ba. Akwai giɓin ne ko babu?"

Sa'ida ba ta ɗago ba. Ta ji kujerar gaba ta yi ƙara.

"Ado," in ji Alhaji Ɗantani, "gidana ne ko gidanka?"

"Naka ne, ranka ya daɗe."

"Ka taɓa wuce soro?"

"Wane ni!"

"To da wane ido ka ga titi a ciki? Malama da ta zana ta ce ba ta tabbatar ba, kai da lasifika kawai ka iya riƙewa ka tabbatar?" Aka fashe da dariya, wannan karon ba wanda ya haɗiye. Alhaji ya gyara zaman hularsa ya juya wurin hedimasta. "Malam Abdulbaqi, na ga katangarku ta baya ta zube, awaki suna shigo muku aji. Akwai bulo a ƙofar gidana ba abin da suke yi. Sule ya kwaso su nan."

Aka yi tafi, aka yi kabbara. Bai kalli Sa'ida ba, ko sau ɗaya, har aka shafa fatiha. Sa'ida kuwa, Bahijja take kallo. Yarinyar ta sunkuyar da kai, yaron da ya ƙaryata ta a aji yana zungurar ta da gwiwar hannu yana cewa, "Ba na gaya miki ba?"

Da aka watse hedimasta ya wuce ta a baranda, ya ce ba tare da ya tsaya ba, "Da sunanki zan tura don kwas ɗin hutu. Yanzu sai dai wata shekarar." Ta ce to.

Washegari da sassafe aka yi yayyafi. Sa'ida ta shiga gidan Iya 'Yardada ta ɗauki kwanon kunun kafin tsohuwar ta miƙa hannu.

"Ina zuwa da kwanona?"

"Bincike zan yi."

"Oho. Sai ki sunkuya, boko ta ƙara miki tsawo."

Suka bi ta gidan Malam Ilu, matarsa tana wanke-wanke ta amsa gaisuwa ba ta ɗago ba. Giɓin bayan madafin Alhaji yana nan, ya fi yadda Sa'ida ta tuna ƙanƙanta, gefensa ya yi sumul saboda kafaɗun da suka goge shi. Tsohon buhun da ake rufe shi da shi ya tafi. An rataya sabuwar tabarma, har da ƙusa uku a sama, bugun hannun namiji.

Bahijja ce ta ɗaga musu tabarmar, cikin kayan makaranta. Ta gaishe da Iya, ta bar ta ta wuce, sannan ta tsaya a gaban Sa'ida.

"Malama, nawa daidai ne ko kuskure?"

Sa'ida ta ajiye kwanon a kan turmi. Ta ciro takardar yarinyar, ta asali, wadda ta kwana a cikin littafinta. Ta riga ta sa mata maki a kai, goma bisa goma.

"Daidai ne. Babu wanda ya kai ki a ajin."

"To ki faɗa a aji."

"Ba zan iya ba."

"Su Nazeer suna ta cewa ƙarya na yi."

"Na sani, Bahijja."

Yarinyar ta kalli makin, ta kalli malamarta. Ba ta yi murmushi ba. Ta ninke takardar gida huɗu ta cusa a cikin hijabinta, ba a jaka ba.

"Ke 'yar boko!" muryar Iya ta taso daga gidan gaba. "Kunun nan sai ya yi sanyi za ki gama binciken?"

Sa'ida ta ɗauki kwanon. A ranta tana juya darasin ranar Litinin, da ramin da ke tsakiyar kwalin, da abin da za ta ce in wani yaro ya tambaye ta me ke wurin. Ta sunkuya ta shige, Bahijja ta saki tabarmar a bayanta.